Harawar Gida da Tarin Bidi

Kai mai jar hula, sauko daga dokin nan. Sauko mana, ba cinye shi zan yi ba. Tun kuna can bakin kwata nake jin tarinsa, kai kuwa kana bisa kana washe wa 'yan mata baki. Tun yaushe ya fara? Ba ka sani ba ko? To jawo shi inuwa, ka sassauta masa majayi, ku ja benci ku zauna.

Ku 'yan yanzu kun ɗauka aikin doki shi ne ranar Lahadi a ja ragama a bakin teku, a ɗora 'yar wani a sirdi, a ɗauki hoto, da yamma a dawo unguwar Maamobi ana fito. Ban ga laifinku ba, abin da kuka tarar ke nan. Amma ni Inuwa a barga gemuna ya yi fari, kuma ina gaya muku hawa shi ne ƙaramin abu a sana'ar nan. Duk wanda bai iya sauraron ƙirjin doki ba, igiya kawai yake ja.

Ranar da na fara aiki a filin sukuwa, can kusa da teku, farkon shekarun saba'in, shebur aka miƙo mini. Maigidana Baba Tanko Bagobiri ne mai zane cike da kumatu, gajere, ba ya dariya sai da doki. Na daɗe ina kwasar kashi da wankin komi kafin ya bar ni in taɓa linzami. Kayan aikinmu ba su da yawa: shebur da tsintsiya da bokiti, buroshi mai tauri da mai laushi, 'yar ƙugiyar ƙwaƙule kofato, lauje na yankan ciyawa, sai tsumman da ba ya sauka daga kafaɗa. Masu dawakin kuwa iri-iri ne. Akwai Kwarori masu kantunan yadi, akwai lauyoyi, akwai alhazan shanu na Zango. Ranar Asabar kowa ya zo cikin fararen kaya yana ihu kamar shi ya haifi dokin. Ranar Litinin in doki ya ƙi cin abinci, mu 'yan barga ake bari da shi.

Wata safiya muna fita da wata goɗiya sai ta yi tari. Ni ko a jikina. Baba Tanko ya tsayar da ita, ya kama kunnena, da gaske fa ya kama shi, ya manna a haƙarƙarinta. Ya sa tafin hannu ya toshe mata hanci na ɗan lokaci, sannan ya saki, ta ja numfashi da ƙarfi.

Ya ce, "Me ka ji?"

Na ce, "Iska, Baba."

Ya ce, "Iska wace iri, ɗan banza? Ko a kasuwa akwai iska. Sake ji."

Haka muka yi ta yi, doki bayan doki, har kunnena ya buɗe. Ƙirji mai lafiya, sai ka ji kamar tsohuwa na hura wuta a hankali. In da majina a ciki za ka ji tana ƙara. In kuwa ka ji siririn fito a ƙarshen numfashi, to ka ɗaura ɗamara, aiki ya same ka.

A wurin Baba Tanko na san tari kala-kala ne. Akwai na gyaran murya da doki ke yi in an fara tafiya, ya yi ya wuce. Akwai mai zuwa da zazzaɓi da majina mai kauri, ƙasan muƙamuƙi ya kumbura. Wannan nan take ake raba shi da sauran dawaki, bokitinsa daban, tsummansa daban, kai ma ka wanke hannu kafin ka taɓa wani. Akwai na shaƙewa, in busasshiyar dusa ta tsaya a wuya. Sai kuma wanda Baba Tanko ke kira fuka, yana faɗin sunan yana rage murya. Ita babu zazzaɓi, doki na ci yana sha, tarin busasshe, yau akwai gobe babu, har ka raina shi. Tana nan tana cin ƙirji a hankali, sai ranar da doki zai shaƙi iska ya kasa fitar da ita sai ya matsa da ciki. A kan dokin Alhaji Bawa na ga inda fuka ke kai doki.

Alhaji Bawa mai goro Basakkwace ne, gidansa na cikin unguwar Nima, bayan kasuwa. Tun yana saurayi ya biyo fatake ya zo nan Ankara, da niyyar ya ɗan tara jari ya koma. Ya yi aure, ya haihu, ya gina gida, amma kullum maganarsa ita ce "in mun koma gida". Da ya ga furfura ta rufe shi bai koma ba, sai ya aika aka sayo masa doki daga can, aka kawo a mota. Da launinsa ake kiransa, Bidi. Ba dokin sukuwa ba ne, gajere ne mai faɗin ƙirji, ga haƙuri, trotro, motar hayar nan, za ta danna masa hon a kunne ko gezau ba zai yi ba. Baba Tanko ne ya haɗa ni da Alhaji kafin ya rasu, Allah ya jiƙansa. In na gama aikin safe a fili sai in shiga mota zuwa Nima in kula da Bidi.

Da farko Alhaji kan hau shi ranar Juma'a zuwa masallaci, ta babban titi, tsakanin tasi da masu tura baro. Daga baya yanar ido ta rufe masa gani, hawa ya gagara. Sai ya sa aka ajiye masa kujera a ƙofar barga. Nan yake wuni da carbinsa, hannu ɗaya a wuyan dokin, yana ba shi labarin mutanen da suka daɗe da mutuwa. Idonsa ya tafi, kasuwa ta koma hannun 'ya'ya, dokin nan kaɗai ya rage masa.

Bargar kuwa ɗaki ce cikin ɗakunan gidan, bango ɗaya da ɗakin Alhaji, don ya ce yana son ya riƙa jin motsinsa. Taga ɗaya ce, ƙarama, kuma tana kallon murhun 'yarsa Azumi, wadda ke dafa shinkafa da wake na sayarwa. A ƙasa garin katako muke shimfiɗawa, daga kasuwar katako ake kawo mana a buhu. Kun san gidajen Nima, iska sai ta nemi izini kafin ta shiga.

Abincin Bidi shi ne abin da ya sa duk unguwar ta san shi. Alhaji ya rantse dokinsa ba zai ci ciyawar Ankara ba, ya ce ruwa ce zalla, ba ta da albarka. Harawa zai ci, ta wake, kuma ta gida. Motocin da ke hawa arewa da goro, in za su sauko da albasa sai a ɗora masa dammunan harawa a sama, a ja tamfol. Ranar da harawa ta iso, sai ka ga tsofaffin Zango suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, wai sun zo gaida Alhaji. Ƙarya suke, harawa suka zo shinshinawa. Kowa ya tsinki ganye ya murza a tafi, ya kai hanci, ya lumshe ido. Wannan ya ce ta ƙasar Gobir ce, wancan ya ce a'a, jigawar wajen garinsu ce, ya san ƙanshinta. Su yi ta musu har la'asar. Ni a Nima aka haife ni, ban taɓa ganin gonar wake ta arewa ba, amma wallahi ƙanshin nan har ni yakan sa ni kewar wurin da ban sani ba.

Tarin Bidi ya fara ne da damina, a hankali, yawanci in na zuba masa harawa ko ina shara. Na sa kunne na ji ɗan fito can ƙasa. Na gaya wa Alhaji.

Ya ce, "Inuwa, wanga ba ciwo ba ne. Kewar gida ta. Mu ma da munka zo mun yi tarin ga."

Tsofaffin nan duk suka gyaɗa kai. Kowa ya tuna tarin da ya yi shekararsa ta farko a Ankara. Maganin kewar gida kuwa a wurinsu sananne ne, a ƙara masa abin gida. A ƙara harawa. A rufe taga kada sanyin teku ya shiga. A lulluɓe shi da bargo, a hura masa wuta a kusurwa ya sha hayaƙi, yadda ake yi wa dawaki a can saboda sauro. Duk abin da suka yi don ƙauna suka yi shi, kuma duk abin da suka yi ƙara masa ciwon yake.

Wata rana na fito na ce, "Baba Alhaji, dokin nan haki yake."

Su Sakkwatawa ciyawa suke kira haki. Ya san sarai abin da nake nufi, amma sai ya yi murmushi ya ce, "Haki shi ka so? To ƙara mai, ga ta nan tari guda." Har da tarin ya haɗa mini. Tsofaffi suka fashe da dariya, ni ma na yi, magana ta mutu. Haka yake yi duk lokacin da ba ya son jin abu.

Muna cikin wannan hali shekarar yunwa ta zo. Iyayenku sun ba ku labarinta, amma ba su ba ku ta wajen dawaki ba. Ruwa ya ƙi sauka, wutar daji ta cinye gonaki, ga 'yan'uwa da aka koro daga Najeriya sun cika gidaje. Mutane na layi a kan ɗanyen dokunu, dunƙulen ƙullun masarar nan, su kai gida su dafa da kansu. Dusar masarar da muke karɓa wurin masu dokunu, mutane suka koma cinta. A filin sukuwa na ga dawakin da ake yi wa kirari sun koma ƙashi da fata, wasu aka sayar, wasu ban tambayi inda aka kai su ba. Nakan ɗauki lauje in bi bakin rafi da gindin gada, in wuni ban cika buhu ba. Iyaka kuma ta rufe, motar albasa ba ta sauko ba, balle harawa.

Alhaji ya ce kada in damu, akwai ajiya. Ya sa aka buɗe sito. Tsofaffin dammuna ne da aka jibge a ƙasa, damina ta wuce a kansu ba sau ɗaya ba. Harawa a arewa tana shekara a bisa itace ba abin da ke samunta, don ƙasar a bushe take. A nan kuwa ko takalmi ka ajiye a lungu sai ya yi funfuna. Daga waje dammunan lafiya lau. Da na kwance ɗaya, cikinsa ya yi fari-fari da baƙi-baƙi, wani gari ya tashi ya shaƙe ni har hawaye. Amma babu wani abin da za a ba shi. Na zaɓi mai dama-dama ina ba shi.

Ba a daɗe ba, wata rana da azahar, ina shigowa gidan Azumi ta tare ni da ludayi a hannu.

Ta ce, "Bra Inuwa, yi sauri o! Doki nan ba ya numfashi, zai mutu mana a gida!"

Na same shi tsaye, ya ware ƙafafun gaba, ya miƙe wuya, hancinsa ya buɗe kamar bakin kofi. In ya shaƙa, sai ya matsa ciki sau biyu kafin iskar ta fita, har wata jijiya ta fito masa a gefen ciki kamar an ja layi. Ba sai na sa kunne ba, daga ƙofa ana jin fiton. Alhaji na kan kujera yana ta tambaya, "Mi na na? Mi ya same shi?" Na kwance shi na jawo shi tsakar gida, na ce Azumi ta kashe wutarta, na aika a kira likitan dabbobin da ke duba mana dawaki a fili.

Likitan mutumin kirki ne, ya zo da kansa cikin lungun nan. Ya auna, ya saurara, ya yi masa allura, kafin la'asar numfashin ya sauka. Sannan ya leƙa barga, ya leƙa sito, ya kama hanci. Ya ce mini allurarsa ta kwana kaɗan ce. Ya ce wannan ciwon ba a warkar da shi, lallaɓa shi ake yi, kuma maganinsa na gaskiya shi ne a raba dokin da ɗakin nan da harawar nan. In ba haka ba, wani tashin zai zo da allura ba za ta sauke ba. Abin da Baba Tanko ya sha gaya mini ke nan, sai dai likitan da Turanci ya faɗa.

Na fassara wa Alhaji. Ya ce, "A hitar da shi a kai shi ina? Ba inda za shi."

To sai na shiga lallaɓawa, kuma ku buɗe kunne, don wannan shi ne aikin. Na kwashe garin katakon nan kaf, na wanke daɓen, na shimfiɗa tsofaffin buhuna. Ba na shara yana ciki, kuma sai na yayyafa ruwa kafin tsintsiya ta taɓa ƙasa. Buroshi a waje nake yi masa. Dusa sai na dama ta da ruwa da 'yar kanwa. Na sauke komi ƙasa don ya riƙa ci kansa a sunkuye, majina ta samu hanyar fita. Harawar kuwa sai na tsoma ta cikin baho ta jiƙa sharkaf, in tsame, in ba shi tun da danshinta. Nakan tafasa ruwa da ganyen darbejiya in ajiye masa bokitin a gaba ya shaƙi tururi. Azumi, Allah ya saka mata, ta ɗauke murhunta ta mayar ƙofar gida, duk da wahalar ɗaukar tukwane. Na samo magini ya faɗaɗa taga.

Alhaji ya haƙura da komai ban da jiƙa harawa. Ya ce na kashe mata ƙanshi, ta koma ciyawar Ankara.

Bidi ya ɗan samu sauƙi, ba zan ce bai samu ba. Amma Nima ce. In Azumi ta kashe wuta, maƙwabta na soya kifi, na bayansu na ƙona shara. Duk lokacin da ya kwana a ɗakin nan, da safe fiton ya dawo. Yana ta ramewa, don dokin da ke kokawa da numfashi ba ya samun sukunin ci. Na ga in na ci gaba da yi wa Alhaji kara, gawar doki za mu ja ta lungun nan da igiya.

Wata safiya na ce, "Baba Alhaji, ba ni hannunka."

Na tashe shi daga kujera, na kai shi gefen Bidi. Ban kama kunnensa ba yadda aka kama nawa, na dai ce ya jingina kansa nan. Na toshe hancin dokin, na saki. Makaho ya fi mu kunne. Ya daɗe a haka, kumatunsa a jikin haƙarƙari, ina ganin kansa na ɗagawa yana sauka tare da cikin dokin. Da ya ɗago, sai na kwance busasshen dami daga sito na sa masa tsakiyarsa a hannu.

Na ce, "Baba, kai mai goro ne. In ka kwance huhu ka ji wannan warin, me kake yi da shi?"

Ya kai hanci. Can ya ce, "Tun bara ni ka jin warin ga, Inuwa. Amma ita ɗai ta rage."

Ya lalubi ragama da kansa, ya kwance ta daga turke, ya miƙo mini.

Ya ce, "Kai shi inda za ya sha iska."

Akwai wani masunci Bagā, ɗan asalin garin nan, da na sani tun muna kai dawakin sukuwa wanka a teku, Ataa Kwei, yana da fili cikin itatuwan kwakwa can gaba da unguwar La. Ya ce in kawo shi. Da sassafe muka fita, a ƙasa, ina gaba yana baya. Mu ɗan taɓa tafiya mu tsaya ya huta. Yaran mota na leƙowa suna mini tsiya, wai ina zan kai wannan kwarangwal. Sai da rana ta take muka isa. Na kafa masa rumfa ta ganyen kwakwa, sama kawai, babu bango ko ɗaya, ƙasa yashi.

Allah da ikonsa, ruwa ya dawo a shekarar da ta biyo, ciyawa ta tsiro ko'ina. Da farko Bidi ya ƙi ta, ya shinshina ya kau da kai, ɗan gatan Alhaji. Yunwa ta koya masa. Kullum da safe nakan ja shi cikin ruwa iya gwiwa mu yi tafiya a hankali, ba sukuwa, ba sirdi. Tarin ya riƙa ja da baya, hancin ya koma daidai, haƙarƙari ya rufe, gashinsa ya fara sheƙi. Layin nan na gefen ciki bai ɓace ba har ƙarshen ransa. Shi ke tuna mini cewa fukar na nan kwance, jira take a mayar da shi ɗaki.

Duk yamma sai na biya Nima. Kujerar Alhaji na nan a ƙofar barga, shi ma yana kanta, ɗakin wayam. Tambayarsa ɗaya ce, "Ya yi tari yau?" In ce kaɗan. Daga baya in ce bai yi ba. Tsofaffin nan kuwa sun rage zuwa. Ranar da na cika mako ina cewa bai yi ba, sai ya gyara zama.

Ya ce, "To, tunda ya warke, yaushe za ka maido shi?"

Na daɗe ina tsoron tambayar nan. Na ce, "Baba, bai warke ba, iska ce ke riƙe da shi. In ya dawo ɗakin nan, ciwon zai dawo."

"Ko da rani?"

"Ko da rani, Baba."

Ya ja carbi, ya ja, ya ja. Ya ce, "Gidan ga ya yi shiru. Ko tarin nan nai da na ji, da na ji daɗi." Wallahi tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa, shi da ba ya ganina.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, ya ce in nemo tasi. Azumi ta ce ina za shi, ya ce teku. Ta riƙe baki. Mutumin nan tun yana saurayi yake Ankara, bai taɓa taka bakin teku ba. Yakan ce me zai je yi wurin ruwan da ba a sha ba a ba dabba. Ya sa babbar rigarsa ta hawa, ya naɗa rawani, muka tafi.

Da muka sauka ya riƙe kafaɗata gam, ƙarar ruwan ta firgita shi, yashi na cika masa takalmi. Ataa Kwei ya kawo kujera, ya ƙi zama. Ya tsaya ya yi 'yar ƙwafar nan da yake kiran dokin da ita. Bidi na can gindin kwakwa yana kiwo. Ya ɗaga kai, ya yi haniniya, ya taho da sassarfa. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya yi sassarfa don kansa ba. Ya zo ya cusa kai a ƙirjin Alhaji har rawani ya karkace.

Alhaji ya shafa shi tun daga goshi har gadon baya, yana lalubar haƙarƙarin da ya sani, bai same su ba. Da kansa ya jingina kunne a gefensa. Ya ce, "Toshe mai." Na toshe, na saki. Ya saurara, ya sake cewa in toshe. Sannan ya ɗago yana murmushi, ya ce, "Iska ɗai."

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar harawa cikin tafinsa. Ashe ya sa an tsinto masa mai kyau daga bayan dami, ganye-ganye. Na buɗe baki zan ce a jiƙa ta tukuna, na fasa. Ya miƙa. Bidi ya shinshina, ya hura hanci, ya juya ya sunkuya kan ɗanyar ciyawar da ke gefen ƙafar Alhaji, ya ci gaba da ci.

Hannun Alhaji na miƙe. Ya ji ƙarar tsinkar ciyawa, ya gane. Ya yi 'yar dariya.

Ya ce, "Inuwa, ashe shi ya daɗe da zama ɗan Ankara."

Ya kai tafin hancinsa ya shaƙa, ya daɗe, sannan ya mayar da ita aljihu a hankali don kada ta zube.

Muka koma tasi, muka kamo hanya har muka shigo titin Nima. Ya ce, "Sauran dammunan ga, ku ƙone su. Amma a bar mani guda, a kai mani ɗaki."

Bidi ya yi shekaru a wurin Ataa Kwei, jikokinsa na hawansa ba sirdi, tsufa ne ya kashe shi. Filin sukuwa ma ya bi baya, dawaki suka ragu, 'yan barga suka watse, wasu gadi, wasu Abossey Okai wurin kayan mota. Har yau in motar albasa ta wuce ni nakan ɗaga kai in duba samanta, ko da dami. Ina kewar zamanin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Damin nan kuwa a ƙarƙashin gadon Alhaji ya zauna. Bai sake cewa "in mun koma gida" ba. Da damina ta zagayo shi ma ya fara tari, busasshe, irin wanda na sani. Azumi ta yi faɗa har ta gaji, ya ce duk wanda ya taɓa damin bai yafe ba. Ta same ni a ƙofar gida ta ce, "Bra Inuwa, kai ka iya raba doki da harawa. Je ka yi wa Baba magana."

Ban je ba. Doki na san inda zan kai shi ya sha iska. Shi ina zan kai shi?